Shelar da Ba Ta Isa Isa Ba

A watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar Sakkwato, a ƙarƙashin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, ta sanar da katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, makonni kaɗan bayan Zamfara ta ɗauki irin wannan mataki. Sabon Birni da Isa suna cikin jerin, kamar yadda kowa ya zata, domin suna cikin wuraren da ta'asar 'yan bindiga ta fi ƙamari. Manufar ita ce a toshe wa maharan baki da kunne. Sai dai wuƙar ta yanki kowa. Ta yanki ɗan kasuwar da ke jiran jin farashin gero, ta yanki tsohuwar da ɗanta yake aiko mata da kuɗi daga Legas, ta kuma yanki wani rukuni da ba a cika tunawa da shi ba, wato ma'aikatan lafiya da na agaji waɗanda aikinsu ya daɗe da komawa cikin wayar hannu.

Mai duba aikin rigakafin shan inna a waya yake cike fom. Jami'in sa ido kan cututtuka a waya yake shigar da rahoto. Mai ƙidayar mutanen da rikici ya raba da gidajensu ma haka. Manhajojin da suka fi yawa a wannan fage sanannu ne: ODK Collect, wadda ta samo asali a Jami'ar Washington ta Amurka a 2008, KoboCollect, wadda aka gina a kan ODK, kuma ƙungiyoyin agaji suka fi dogara da ita, DHIS2 ta Jami'ar Oslo, wadda Najeriya ta mayar rumbun bayanan lafiyarta na ƙasa, da SORMAS, wadda aka haifa bayan annobar Ebola ta 2014 da haɗin gwiwar masana daga Jamus da hukumomin lafiyar Najeriya. Dukkansu buɗaɗɗun manhajoji ne, ma'ana rubutun umarnin da aka gina su da shi a fili yake, kowa yana da izinin ya duba, ya ɗauka, ya gyara, ba tare da ya sayi lasisi ba.

An tsara manhajojin wayar nan ne da sanin cewa sabis yana ɗaukewa. Ma'aikaci zai cike fom a ƙauyen da babu ko sanda ɗaya ta sabis, wayar ta adana, ranar da ya samu hanya ya tura. Saboda haka katse layuka bai hana bayanai taruwa ba. Hanyar da bayanai suke bi su hau daga ƙauye zuwa Sakkwato da Abuja an yi mata tanadin jinkiri. Hanyar da labari zai bi ya sauko, daga masu ƙera manhajar zuwa hannun da ke riƙe da wayar, ita ce ba a yi wa irin wannan tanadi ba. Manhaja kuwa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ana sauya ta sau da dama a shekara, wani sauyin kuma yana taɓa abin da ma'aikaci ya saba yi da idonsa a rufe.

Hujjar wannan maƙala ɗaya ce. Sanar da sauyi bai kammala ba ranar da aka wallafa shi a shafin masu manhaja. Yana kammala ne ranar da mutum na ƙarshe da sauyin zai shafa ya ji, ya fahimta, kuma ya ji kafin sauyin ya same shi. In aka auna da wannan ma'auni, masu ƙera buɗaɗɗun manhajoji suna da sauran aiki, amma babban giɓin yana hannun waɗanda suke tsakiya: ma'aikatu da hukumomi da ƙungiyoyin da suke ɗaukar manhajar kyauta su damƙa wa ma'aikaci.

Me ya sa manhaja take sauyawa

Babu manhajar zamani da aka gina daga ƙasa har sama da hannu ɗaya. Kowacce tarin ƙunshi-ƙunshi ce da wasu mutane suka rubuta a wasu wurare: ƙunshin da ke karanta taswira, wanda ke ɓoye bayanai daga idon ɓarawo, wanda ke magana da sabar da ake tara rahotanni. Mai gini yana ɗauko tubalin da wani ya buga, shi ma mai tubalin a wurin wani ya samo ƙasa. In ɗaya ya motsa, na samansa duk sai sun ji. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya janye wani ɗan ƙunshi mai layi 11 kacal mai suna left-pad daga rumbun npm, sai ga ayyuka masu ɗimbin yawa a duniya sun kasa haɗuwa, har da na manyan kamfanoni, domin sun dogara da shi ba tare da sun sani ba.

Sauyi yana zuwa ta ƙofofi sanannu. Wani lokaci tsaro ne, kamar a watan Disamba na 2021 da aka gano ɓarakar da ake kira Log4Shell a cikin ƙunshin Log4j, abin da ya tilasta wa duk mai kula da sabar da aka gina da harshen Java ya bar abin da yake yi ya bincika gidansa. Wani lokaci mai gidan haya ne ya sauya doka, domin manhajar waya a cikin Android take zaune, Google kuma shi ke da Android. Wani lokaci kuma hannuwa ne suka yi kaɗan: ƙaramar tawaga ba za ta iya rainon tsoho da sabo a lokaci ɗaya har abada ba, dole ta saki ɗaya. Duk waɗannan dalilai ne na gaskiya, kuma wanda ya ce a daina sauya manhaja bai san abin da yake nema ba. Tambayar ita ce yadda labarin sauyin yake tafiya.

Sauye-sauye huɗu da suka taɓa aikin fili

Na farko ya shafi wurin ajiya. Shekaru da yawa ODK Collect tana ajiye fom-fom a wata jaka da ke fili a cikin wayar, wadda ko an cire manhajar tana nan. Da Google ya tsaurara dokar ajiya daga Android 10 da 11, sai ODK ta fara kwashe kayanta a 2020 zuwa keɓaɓɓen ɗakin da Android yake ware wa kowace manhaja. A fuskar tsare sirrin bayanai wannan ci gaba ne. Amma keɓaɓɓen ɗakin yana da wata ɗabi'a: in aka cire manhajar, abin da ke ciki yana iya tafiya tare da ita. Kowa kuwa ya san maganin farko da ake yi wa manhajar da ta ƙi aiki, daga mai waya har mai gyaran waya na bakin kasuwa: a cire ta, a sake sakawa. Dabarar da jiya ba ta da illa, yau tana iya share aikin makonni. A ɗauka ma'aikaciyar lafiya ce a Isa, a cikin watannin ƙarshen 2021, da fom-fom na wata guda a wayarta suna jiran sabis. Jimla ɗaya take buƙata ta ji: kada a cire wannan manhaja sai an tura abin da ke cikinta.

Na biyu ya shafi saba. A 2021 ODK ta daina sabunta tsohuwar sabarta mai suna Aggregate, ta ce a koma Central. Daga baya, bayan gargaɗin da aka fara tun 2023, aka cire hanyar tura bayanai ta Google Drive da Google Sheets a 2024, hanyar da ƙananan ƙungiyoyi da ɗaliban bincike suke so saboda ba ta buƙatar kuɗin saba.

Na uku ya shafi ɗabi'ar hannu. A 2023 aka sauya shafin ƙarshe na fom a ODK Collect, aka raba ajiye fom a matsayin wanda ba a gama ba da rufe shi a matsayin kammalalle, aka kuma hana komawa a gyara wanda aka riga aka rufe. Dalilin yana da kyau, domin yana kare sahihancin bayanai. Amma akwai tawagogin da tsarin aikinsu shi ne ma'aikaci ya rufe fom da rana, shugaban tawaga ya duba ya gyara da dare. Irin wannan tawaga in ba a gaya mata ba, da safe za ta tarar da ƙofar da ta saba bi a kulle.

Na huɗu ya shafi adireshi. A 2023 sabar KoboToolbox da ofishin OCHA na Majalisar Ɗinkin Duniya yake ɗaukar nauyi don ƙungiyoyin agaji ta koma hannun Kobo, aka sauya mata adireshi. An bar tsohon adireshin yana kai mutum ga sabon na wani lokaci, amma a ƙarshe kowace wayar da aka saita da tsohon sai an sauya mata.

Adalci ya wajaba a nan. Babu ɗaya daga cikin sauye-sauyen nan da aka yi a ɓoye. An sanar da su tun da wuri, an yi bayanin dalili, an fitar da bugun gwaji, wasu ma an liƙa gargaɗinsu a fuskar manhajar. In aka kwatanta da yadda kamfanoni da yawa suke sauya manhajojinsu na kuɗi ba tare da ko sallama ba, ODK da Kobo sun yi abin yabo. Wannan ne ma ya sa misalinsu yake da amfani: ko wanda ya yi shela da kyau, shelarsa tana da inda take tsayawa.

Yadda manhaja take shiga ƙasar Gobir

Mai rubuta sanarwar sauyi yana da wani mai karatu a ransa, ko ya sani ko bai sani ba. Mai karatun nan yana jin Turanci irin na masu fasaha, yana da intanet kullum, shi ya saka manhajar da hannunsa, kuma yana sabunta ta bugu bayan bugu. A gabashin Sakkwato da wuya a samu wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa huɗu a cikin masu aikin fili.

Da farko, manhaja ba lallai ta Play Store take shigowa ba. Inda data take da tsada kuma sabis yake rawa, hanyar da aka sani ita ce a tura daga waya zuwa waya ta Xender ko makamanciyarta, kamar yadda ake tura waƙa da fim. Manhajar da aka tura haka tsirara take zuwa. Ba ta zuwa da bayanin abin da ya sauya, kuma babu tabbacin bugun da ke wayar wannan shi ne ke wayar wancan. Tawaga ɗaya tana iya fita aiki da bugu uku daban-daban, kowa yana ganin allon da ya bambanta da na ɗan'uwansa, mai horarwa kuma yana bayani a kan na huɗu.

Sannan akwai tsallake. Wayar da ta yi watanni a ƙauyen bakin iyaka, ranar da aka kawo ta taro a Sakkwato ta haɗu da intanet mai ƙarfi, tana iya sabunta kanta ta tsallake bugu biyu ko uku a tashi ɗaya. In gargaɗin yana cikin bugun tsakiya ne, wanda aka yi don ya ce sauyi yana tafe, to wayar ta tsallake gargaɗin ta faɗa kan sauyin. Masu manhaja sun yi gargaɗi da gaske, ma'aikacin kuma bai gani ba da gaske, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Akwai kuma sauyin mutane. Ayyukan rigakafi da na ƙidaya sun dogara da ma'aikatan wucin gadi. Wanda aka horar bara ya koma makaranta, ko an yi masa canjin wurin aiki, ko rashin tsaro ya tashe shi zuwa Sakkwato ko ƙetaren iyaka wajen Maraɗi. Wayar tana nan, amma wanda ya ji bayanin ba ya nan. Adireshin imel ɗin da aka yi rajistar sabar da shi kuwa sau da yawa na wani ƙwararre ne da aka ɗauko na wata shida, kwangilarsa ta ƙare, sanarwa tana ta shiga akwatin da babu mai buɗewa.

Masu fasaha suna da wata alama da suke ji da ita, wato lambar bugu mai kashi uku, wadda Tom Preston-Werner ya tsara ƙa'idarta: in lambar farko ta ƙaru, sauyin yana iya karya abin da aka saba, in ta biyu ce, an ƙara sabon abu ne, in ta uku ce, gyaran kuskure ne. Alama ce mai amfani tsakanin mai gini da mai gini. Amma ko manhajojin da ake magana a kansu ba wannan tsari suke bi ba: ODK Collect ta koma lissafi da shekara a 2021, DHIS2 kuma ta yar da lambar 2 da ke gaba a 2023, bugun da ya biyo bayan 2.39 aka kira shi 40. Ko da ma suna bi, lamba ba ta gaya wa ungozoma abin da za ta yi gobe da safe.

Abin da tsoffin gidaje suka koya

Matsalar ba sabuwa ba ce, kuma manyan gidajen buɗaɗɗiyar manhaja sun daɗe da cin karo da ita. Debian, ɗaya daga cikin tsoffin tsarin Linux, ta raba labari gida biyu. Akwai kundin sauye-sauye, inda ake rubuta komai, ƙarami da babba, don masu gini. Akwai kuma wani fayil dabam mai suna NEWS.Debian, wanda ba a sa komai a cikinsa sai abin da mai amfani ya wajaba ya sani. Wata 'yar manhaja mai suna apt-listchanges tana nuna wa mutum wannan labari a daidai lokacin sabuntawa, kuma tana tattaro duk abin da aka rubuta tun daga bugun da ke kwamfutarsa har zuwa sabon. Wanda ya tsallake bugu uku zai ga labarin ukun. Wannan ita ce amsar matsalar tsallake, kuma an daɗe da samun ta.

Gentoo ta ƙara wani mataki da tsarin da ta kira GLEP 42, wanda aka fara rubutawa a 2005. Labarin gaggawa yana tafiya ne a cikin jerin ƙunshin kansa, ba sai mutum ya je wani shafi ya nema ba. Ana iya ƙayyade shi ya bayyana ga waɗanda suke da ƙunshin da abin ya shafa kaɗai, ana so ya iso kafin sauyin, an kuma yi tanadin fassara shi zuwa wasu harsuna. FreeBSD tana da fayil mai suna UPDATING, inda kowace sanarwa take farawa da kwanan wata da layin da ke faɗin waɗanda abin ya shafa. Arch Linux kuwa a shafinta na gaba take liƙa labarin sauyin da ke buƙatar sa hannu, tana sa ran mai amfani zai leƙa kafin ya sabunta. Wannan tsari ya dace da jama'arta, amma shi ne mafi nisa da halin Isa.

Python ta koyar da darasin lokaci. An fitar da Python 3 a 2008, aka sa 2015 a matsayin ƙarshen Python 2, da aka ga jama'a ba su shirya ba aka ɗaga zuwa 1 ga Janairu 2020. A shekarar ƙarshe, duk lokacin da mutum ya yi amfani da pip a kan tsohon bugu sai ta tuna masa ranar. Gargaɗin ya bi mutum har wurin aikinsa, ya kuma yi ta maimaituwa.

In aka tace waɗannan misalai, abin da ya rage bai fi abu huɗu ba: labarin ya tafi tare da kayan, ya iso kafin sauyin, ya je ga wanda abin ya shafa kaɗai, ya kuma faɗi abin da za a yi da ranar da za a yi shi. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Mai yekuwa ba ya zama a ƙofar fada ya jira a zo a tambaye shi. Ranar kasuwa yake fita, inda jama'a suke, da harshen da suke ji, yana maimaitawa a kowace kusurwa, yana faɗin rana. Har yau ayyukan rigakafin shan inna suna ɗaukar masu shela su zagaya unguwanni su gaya wa iyaye ranar da za a zo. Tsarin da ya san darajar mai shela ga iyayen yara, ya kamata ya san darajarsa ga ma'aikatansa in kayan aikinsu ya sauya.

Wa ke da alhaki

Akwai hujja mai ƙarfi da masu ƙera manhaja za su iya kawowa, kuma bai kamata a raina ta ba. Lasisin buɗaɗɗiyar manhaja yana faɗa a fili cewa an bayar da ita yadda take, babu lamuni. Tawagar da ba ta kai yawan ma'aikatan asibitin ƙaramar hukuma ɗaya ba tana hidima ga ƙasashe da dama. Ba ta san sunan ko mutum ɗaya daga cikin masu riƙe da wayoyin ba, domin buɗaɗɗiyar manhaja ba ta tambayar wanda ya ɗauke ta. Ba za ta iya rubuta sanarwa da Hausa da Kanuri da Fulatanci da Zabarmanci ba. Kuma in ta cika fuskar manhaja da gargaɗi a kan kowane ƙaramin gyara, mutane za su koyi danna maɓallin wucewa ba tare da karantawa ba, ranar da gargaɗin gaske ya zo shi ma a wuce shi.

Duk wannan gaskiya ne, shi ya sa nauyin ya fi karkata ga na tsakiya. A duniyar Debian akwai wanda ake kira mai kula da ƙunshi. Ba shi ya rubuta manhajar ba, amma shi yake ɗauko ta daga masu ita, ya gwada, ya daidaita ta da gidansu, ya rubuta wa jama'arsa abin da ya kamata su sani. Ma'aikatar lafiya ko ƙungiyar agajin da ta saka ODK a wayoyi ɗari ta raba wa ma'aikata, ta zama mai kula da ƙunshi ko ta amsa sunan ko ba ta amsa ba. Ita ta san su wa ke riƙe da wayoyin, ita ta san harshensu, ita ta san makon da za a fita kamfen. Kalmar kyauta ce take ruɗar masu tsara kasafi. Ana ware kuɗin waya, kuɗin data, kuɗin horo na kwana uku a otal, amma da wuya a ga layin da ya ce ga albashin wanda zai riƙa karanta sanarwar sauyi har tsawon rayuwar aikin. Dokin da aka samu kyauta ma sai an yi masa ciyawa.

'Yan Najeriya ba sa buƙatar dogon bayani a kan sauyin da aka sanar a sama bai sauko ƙasa daidai ba. A ranar 26 ga Oktoba 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fara fita ranar 15 ga Disamba, aka sa 31 ga Janairu 2023 a matsayin wa'adi, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki ranar 3 ga Maris. An yi sanarwa a talabijin da jaridu, babu wanda zai ce ba a yi ba. Amma wa'adin an yanka shi ne da ma'aunin mai banki a bakin titinsa, wanda ya fi shan wuya kuwa shi ne mutumin karkara da banki ya yi wa nisa, hanyar zuwa kuma ba ta da aminci. Sauyin manhaja ƙaramin abu ne in aka kwatanta, amma ciwon iri ɗaya ne: wanda ya tsara sauyin ya auna lokaci da hanya da ƙafarsa.

Wasu masu kula da ayyuka sun samo wa kansu mafita, wato su kashe sabuntawa gaba ɗaya su bar wayoyi a kan bugun da aka yi horo da shi. A makon kamfen wannan hikima ce. In ya zama ɗabi'ar shekaru kuwa, haɗari ne, domin wayoyin nan suna ɗauke da sunayen yara, da wuraren gidaje, da bayanan mutanen da suka gudu daga masu neman ransu. A yankin da ake sace mutane don kuɗin fansa, barin irin waɗannan bayanai a manhajar da aka daina toshe ɓarakarta ba ƙaramin ganganci ba ne. DHIS2 ma bugu uku na baya-bayan nan kaɗai take yi wa gyara. Wanda ya tsaya ya ƙi motsi, wata rana zai tarar sabar ta daina gane wayarsa.

Abin da ya kamata a yi

Ga masu ƙera manhaja, buƙatar ba ta da yawa. Sauyin da zai iya jawo asarar bayanai ko ya sauya tsarin aikin hannu a ware shi daga sauran, a rubuta shi da gajerun jimloli masu sauƙin fassara. A sa shi a cikin manhajar yadda zai bayyana ko babu sabis, kuma wayar da ta tsallake bugu ta ga duk abin da ta tsallake, kamar yadda Debian take yi. Manhajar da aka gina don ta jure rashin sabis wajen tura bayanai, ta jure shi wajen isar da labari.

Ga ma'aikatu da ƙungiyoyi, aikin ya fi yawa amma ba shi da tsada. A sa mutum ɗaya da suna, ma'aikacin dindindin, wanda bibiyar sanarwar sauyi take cikin aikinsa a rubuce, a kuma yi rajistar saba da adireshin ofis. Kowane sabon bugu a gwada shi a kan mafi rauni daga cikin wayoyin da ke fili kafin a sake shi. A tsayar da lokacin sabuntawa, kamar taron wata-wata na ƙaramar hukuma, da doka ɗaya da ba a karyawa: sai an tura abin da ke waya kafin a taɓa manhaja. Bayanin sauyi a mayar da shi Hausa, a yi shi saƙon murya na minti ɗaya da za a iya turawa ta WhatsApp ko daga waya zuwa waya, a kuma buga shi a takarda guda a liƙa a bangon asibiti, saboda ranar da layuka za su sake ɗaukewa. Masu ba da tallafi kuma su daina karɓar kasafin da ya sayi waya bai tanadi mai kula da abin da ke cikinta ba.

Akwai kuma rabon masu ilimin da ke jin Hausa da Turanci, waɗanda da yawansu suke aiki a waɗannan ofisoshi. Fassarar ODK da DHIS2 a buɗe take ga masu sa kai ta dandalin Transifex, kuma tsarin fom na ODK yana ba da damar a rubuta tambayoyi da harshe fiye da ɗaya. Ƙofar gyara a buɗe take, abin da manhajar kuɗi ba ta bayarwa. Wanda ya san yadda aiki yake a Gatawa ko Turba, in ya rubuta wa masu manhaja cewa wayoyinsu suna tsallake bugu kuma ta Xender ake tura su, ya ba su ilimin da ba za su samu a Seattle ko Oslo ba.

A watan Maris na 2024 aka sanar da hukumar NCDC wata cuta da ba a gane kanta ba a ƙaramar hukumar Isa, yawanci a jikin yara, mai kumbura ciki da zazzaɓi da amai. A watan Afrilu hukumar ta ce an samu mutum 164 da ake zargin sun kamu a mazaɓu shida, huɗu sun rasu. Kowane ɗaya daga cikin 164 ɗin nan wani ma'aikaci ne ya same shi, ya rubuta shekarunsa da unguwarsa da ranar da ciwon ya fara, a takarda ko a waya, a yankin da fita aiki kanta kasada ce. Da irin waɗannan layuka ake gane ko ruwa ne, ko abinci, ko ƙasa. In ashirin suka ɓace saboda an cire manhaja an sake sakawa, ko suka maƙale saboda adireshin saba ya sauya, babu ƙararrawar da za ta kaɗa a Abuja. Taswirar za ta fito da giɓi, a kuma yanke shawara a kanta. Mutumin da ya yi kasadar zuwa ya tattaro bayanan ya cancanci a gaya masa, da harshensa kuma a kan lokaci, cewa kayan aikin da ke hannunsa ya sauya.